ZAUREN MASU MOTA: In A-Kori-Kura Ta Soma Tari

A watan jiya mun yi magana a kan lagireto da zafin inji. Wannan wata kuwa za mu ɗauki tambayar da masu mota na wajen Dutsin-Ma da Kurfi suka fi yi wa wannan fili: a-kori-kura ta tsufa, inji yana kakkarwa, yana tari, ba ya jan lodi kamar dā. Daga ina za a fara?

Tambayar ba ƙarama ba ce. A ƙasarmu a-kori-kura ba abin ado ba ce. Ita ke kwaso gero da dawa da wake daga gona da kaka. Ita ke ɗauko kayan lambu daga fadamun da ke kusa da madatsar ruwa ta Zobe zuwa kasuwa. Ita ke kai zumuntar mata wurin taro. Mai ita kuma shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama, a ce a taimaka a kai mace asibiti a Dutsin-Ma ko Katsina. Ban da wannan, kowa ya san abin da ɓarayin daji suka yi wa ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari da Dutsin-Ma a shekarun nan. Motar da ta mutu a daji bayan faɗuwar rana, ba dukiya kaɗai ta sa cikin hatsari ba. Ga kuma tsadar mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, injin da ke shan mai a banza abincin yara yake sha.

Yawancin tsofaffin motocin nan Peugeot ne, 404 da 504, sai Toyota da Datsun. Ita 504 ta fara fita a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuwa ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000. Watau mafi ƙuruciya cikinsu ta kai shekara ashirin ko ta haura. Amma tsufan nan yana da albarkarsa, gama injinsu ba ya ɓoye ciwonsa. Mai kunne da ido da haƙuri yana iya gano shi.

Abin da muke so ku riƙe cikin wannan wata ɗaya ne: kada a sayi ƙarfe ko ɗaya sai an san abin da ya lalace. A yi bincike bi da bi, a fara daga abu mai araha, a ƙare da mai tsada.

Abinci huɗu na inji

Injin motocin nan yana da ɗakuna huɗu da ake kira silinda. Ku ɗauka mata huɗu ne ke lugude a turmi ɗaya. Muddin kowace tana sauke taɓaryarta a kan lokaci, sautin yana tafiya da daɗi. Ɗaya ta yi fashi, ko daga bayan katanga za ka ji. Wannan fashin shi ne kanikawa ke kira misin.

Kowace silinda tana bukatar abu huɗu kafin ta yi aikinta: iska, fetur, wuta daga fulogi a daidai lokaci, da matsi, watau fistin ya matse iska da mai ba tare da sun zurare ba. Duk kakkarwar inji, in ka bi sawunta, za ka tarar ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya gaza. Aikinka shi ne ka gane wanne ne.

Tambaya kafin sufana

Likitan kirki yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki allura. Littafin Misalai, sura 18 aya 13, ya tsauta wa mai gaggawar ba da amsa tun bai saurara ba, gargaɗin kuwa ya shafi bakanike kamar yadda ya shafi alƙali. Kafin ka buɗe banet, ka tambayi kanka, ka tambayi yaron motarka, har da uwargida, gama sau da yawa ita ce ke jin motar kowace safiya daga madafa, ta kuma san ranar da muryarta ta sake.

Yaushe abin ya fara? In washegarin da aka sha mai a bakin hanya ne, zargi man. In bayan ruwan sama ne, ko bayan an wanke inji, ko an ratsa gulbi, zargi laima a wayoyin wuta. In bayan wani ya taɓa motar ne, a koma kan abin da ya taɓa.

A wane hali take yi? In da sanyin safiya ne kawai, ta kuma daidaita in ta yi ɗumi, yawanci cok ne ko tsofaffin fulogi. In a tsaye take kakkarwa, amma ta lafa in an taka totur, to, ko iska na sata ta wani wuri, ko ƙaramar hanyar mai ta silo ta toshe, ko bawul. In a tsaye lafiya lau take, sai an yi lodi an kama hanyar Katsina ta soma shaƙewa, musamman a hawa, to, ko mai ba ya isowa, ko wuta ta yi rauni. In sai ta yi zafi take yankewa, ta huta ta sake tashi, a duba kwayil da kondansa, da famfon mai.

Sa'an nan ka zaga baya ka dubi hayaƙin salansa. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Hayaƙi shuɗi-shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ga kuma ruwan lagireto na raguwa, ruwa ne ke shiga silinda. Ɗan tururin asuba na lokacin hunturu ba ciwo ba ne.

Fulogi ba ya ƙarya

Bari inji ya huce, ka kwance fulogi huɗun, ka jera su a kan tsumma yadda suke a inji. Ka yi wa wayoyinsu alama kafin ka cire, domin wuta tana bin silinda bisa tsarin 1-3-4-2, in ka sauya waya biyu ka ƙara wa motar sabon ciwo.

Fulogi mai lafiya bakinsa launin ƙasa-ƙasa ne, busasshe. Mai baƙin kunkunniya busasshiya, mai ya yi masa yawa. Mai jiƙe da baƙin mai, ringi ko hanyar bawul sun ci. Mai jiƙe da fetur, ba ya samun wuta. Wanda ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, yana aiki cikin zafin da ya wuce kima. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da datti, ruwa ne ke wanke shi.

Ga abin lura mafi girma. In duka huɗun kamarsu ɗaya, ciwon yana wurin abin da suke tarayya a kai: matatar iska, kafireto, kwayil, ko man kansa. In ɗaya ne ya fita dabam, ciwon na silindarsa ne kaɗai. Kafireto ɗaya ne ke ciyar da su duka, da wuya ya zaɓi ɗaya ya cuta.

Ratar bakin fulogi a injin 504 milimita 0.6 ce. Ma'aunin ratar ba shi da tsada, kowane mai mota ya kamata ya ajiye nasa.

In kana so ka tabbatar da silindar da ke fashi, mayar da fulogi, ta da inji, ka cire wayar fulogi ɗaya da filaya mai hannun roba, ka saurara, ka mayar, ka cire ta gaba. Wadda ka cire inji ya ƙara kakkarwa, tana aiki. Wadda ka cire ba abin da ya sake, ita ce mai fashin. Sa'an nan ka musanya fuloginta da na maƙwabciyarta. In fashin ya bi fulogi, ka gama, fulogi ɗaya za ka saya. In bai bi ba, musanya waya. In har yanzu yana nan inda yake, sai a duba murfin distirbuta da matsi.

Hanyar wuta

Fulogi ba ya hutawa. In inji na juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana ba da wuta sau 1,500 a mintin nan, watau sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka yawancin misin daga hanyar wuta yake fitowa, gyaransa kuma shi ne mafi araha.

Da dare, a wuri mai duhu a fili, ta da inji ka leƙa. In ka ga shuɗiyar wuta na tsalle a jikin wayoyi, sun tsufa, wuta na zubewa a hanya. Da rana kuma buɗe murfin distirbuta ka duba cikinsa. Tsaga ko ɗan baƙin layi kamar zanen fensir hanyar satar wuta ce. Ƙura da laima a ciki, goge da busasshen tsumma. Dubi kontak, ɗan bakin nan biyu da ke buɗewa yana rufewa. In ya ƙone ko ya yi rami, a sake shi tare da kondansa. Ratarsa a 504 milimita 0.4 ce in ya buɗe iyaka. Ɗan ƙafarsa yana cinyewa a hankali, rata ta ragu, taimin ya ja baya, mota ta rasa ƙarfi ta riƙa zafi ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Duk ran da aka sake kontak, tilas a sake daidaita taimin.

Hanyar mai

Kafin a taɓa kafireto, a gwada man. Zuba ɗan fetur daga tiyon da ke zuwa inji cikin kwalba mai haske, ka ajiye ta minti kaɗan. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallo, tsatsa da yashi kuma za su bayyana. Man jarka da na tsohuwar ganga, irin wanda akan saya wurin 'yan bumburutu in an ƙure a ƙauye, shi ya fi zuwa da wannan. Ba kullum mugunta ba ce, ganga kan tara raɓa da tsatsa da kanta. In tilas ta sa ka saya, tace da ƙyalle mai tsabta, kada kuma ka yarda a juye maka gindin jarka. Gidan mai ma ba ya kuɓuta kullum. A watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta sanar cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar, motoci da dama suka lalace. In motoci uku sun sha mai wuri ɗaya suka soma tari rana ɗaya, ba kafireto uku ne suka lalace ba.

Bayan mai sai matatar mai. In ta toshe, mota za ta yi silo lafiya, amma in an nemi ƙarfi sai ta shaƙe. Kuɗinta kaɗan ne, sake ta. Wadda ba ta da matata, a sa mata tsakanin tanki da famfo. Sai tiyo, ko ya tsage yana jan iska. Sai murfin tanki. In ka buɗe shi ka ji ya ja iska da ƙarfi, motar kuma ta warke, hujin numfashin tanki ne ya toshe. Sai famfon mai. Wani lokaci fatarsa kan fashe, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Zaro sandan awon baƙin mai ka sansana. In yana warin fetur, ya kuma ƙaru maimakon ya ragu, kada ka tuƙa motar sai an gyara an sake baƙin man.

Kafireto shi ne na ƙarshe. Mutanenmu sun saba, da mota ta yi tari sai a ce kafireto, a hau murɗa sukurori. An bar jaki ana dukan taiki. Sukurin da aka daidaita ba ya murɗa kansa. In an murɗa shi domin a rufe ciwon da ke wani wuri, ranar da aka gyara ainihin ciwon sai motar ta dawo da sabuwar kakkarwa, ga shan mai. In bincike ya kai ga kafireto da gaske, a wanke shi, a busa jet da iska. Kada a zura masa waya ko allura, gama hujin zai faɗaɗa, shan mai ya zauna har abada.

Hanyar iska

Domin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur yana shaƙar iska wajen lita 9,000, watau cikin ganga 45. Ku tuna irin iskar da yake shaƙa a hanyoyin ƙauye da hunturu, yana bin bayan wata mota cikin ƙura. Matatar iska in ta toshe, inji na shaƙewa, yana baƙin hayaƙi. Mai takarda a kakkaɓe ta, in ta cika a sake. Mai wankan mai a wanke ta, a zuba sabon baƙin mai daidai layi. Wasu direbobi kan cire matatar su yar domin mota ta yi numfashi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ƙurar nan yashi ce, tana cin ringi da silinda kamar dutsen wasa wuƙa.

Akwai kuma iskar sata, wadda ke shiga ta tsagaggen tiyo ko ta gindin kafireto. Alamarta ƙaramin shewa, da kakkarwa a tsaye. Bi ƙananan tiyo da yatsa, ka toshe su ɗaya ɗaya, musamman babban da ke zuwa tukunyar birki.

Matsi

In wuta da mai da iska sun fita daga zargi, saura matsi. Nan ma a fara da mai araha, watau ratar bawul. A injin 504, in ya huce sarai, na shigar iska milimita 0.10 ne, na fitar hayaƙi 0.25. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufuwa, yana zubar da matsi, daga baya ya ƙone.

Sa'an nan a nemi bakanike mai agogon awon matsi. A auna silinda huɗun, a rubuta. Bai kamata su bambanta da juna fiye da wajen kashi 10 cikin 100 ba. In biyu maƙwabta sun yi ƙasa tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. In ɗaya ce, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta hujin fulogi, a sake awo. In ya hau, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne. Kada ka yarda a sauke maka inji kafin ka ga awon nan da idonka.

Wata kakkarwar kuma ba ta inji ba ce. In sautinsa na tafiya daidai amma jikin mota na rawa, dubi robobin da inji ke zaune a kai.

Duk wannan bayani na mota mai kafireto ne. Mai dizal hanyarta dabam ce. Mai injekta da kwamfuta kuwa, irin Hilux na baya-bayan nan, kada a cire mata wayar fulogi tana aiki. A kai ta inda ake da na'urar da ke karanta ciwonta.

A kiyaye rai

Kada a ta da inji cikin rufaffen ɗaki ko zaure, hayaƙin salansa yana kashewa ba tare da mutum ya farga ba. Kada a gwada wutar fulogi kusa da buɗaɗɗen fetur. Kada a zuƙi mai da baki. A cire babbar riga da rawani ko gyale kafin a sunkuya kusa da fanka. A kori yara daga wurin. Kada kuma a ce bari a lallaɓa da silinda uku har bayan kaka. Kashi ɗaya cikin huɗu na manka yana fita ba a ƙona shi ba, yana kuma wanke baƙin man da ke jikin silinda, ciwon fulogi ɗaya ya zama na sauke inji.

Tsakanin mai mota da bakanike

Ɗan'uwa mai mota, in ka je gareji, faɗi abin da ka ji da abin da ka gani, kada ka yanke hukunci. In ka ce a wanke kafireto, za a wanke, ka biya, ciwo na nan. Tambayi bakanike abin da ya gwada har ya gane. A sake abu ɗaya, a gwada mota, kāna a taɓa na biyu. In an sake abu biyar lokaci guda, ba wanda zai san wanne ne ya yi magani. Karɓi tsohon ƙarfenka. In za a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna neman kaya, a tafi da tsohon domin a gwada, a kuma tuna araha ba ta ado. Ka biya mutum ladan bincikensa ko da bai sayar maka da kome ba. In ba ka biyan sai wanda ya kwance ƙarfe, kai ne ke koya masa kwance abin da bai lalace ba.

Kai kuma ɗan'uwa bakanike, mutumin da ya kawo maka mota bai san abin da ke cikinta ba, amanarsa ya ba ka. In ciwon na waya ɗaya ne, faɗa masa waya ɗaya ne. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ka nuna masa wanda ya fi ka. Wanda kuke zama benci ɗaya da shi ran Lahadi, da maƙwabcinka Musulmi da ya zo ran Litinin, mudu ɗaya za ka auna musu. Shaidar mai bi a gareji ta fi wa'azi da yawa nisa, gama direbobi suna kai labarin mutum tasha tasha. Yaran da ke koyon aiki a hannunka kuma, abin da suka ga kana yi shi za su yi.

Kafin lodin kaka ya kankama, ku ware yini guda. A kwance fulogi a duba, a kakkaɓe matatar iska, a sake matatar mai, a auna kontak. A ajiye fulogi biyu, kontak da kondansa, matatar mai da tocila cikin mota. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka sake kowane abu, uwargida ko ɗan makaranta na iya riƙe shi. Motar da ta yi tari da safe kuwa, kada a kama doguwar hanya da ita da yamma.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba birki da taya. Allah ya kiyaye fitarku da shigarku.